Totuwar Masara da Ɗorawar Baba

Lahadi: Funtua zuwa Malumfashi

Ƙarfe biyar da minti arba'in na asuba, ana fitowa daga masallaci, na gangara da duro biyu da ɗan injin matsi zuwa bakin titi. Sunana Balarabe, walda nake yi a Funtua, kuma shekara biyu ke nan ina yin gawayi da totuwar masara. Aikin ba wani sirri a cikinsa. A cika duro da totuwa, a cinna mata wuta, in ta kama sosai a rufe, a liƙe bakin da laka, a bar wutar ta mutu da kanta ba tare da iska ta shiga ba. In ta huce a daka, a kwaɓa da kunun rogo, a matse ta zama curi-curi, a shanya. Masu damuna da tambayar yadda tafiyata gida ta kasance, ga shi na rubuta muku, don na gaji da maimaitawa, kuma duk lokacin da na maimaita sai raina ya sake ɓaci.

Inna ce ta sa aka kira ni a waya ranar Alhamis. Yayana Halliru ya gama magana da mai injin yankan itace, ranar Asabar ta sama zai zo ya kayar da ɗorawa uku da ke gonar da Baba ya bari. Dalilinsa itacen girki. Dajin da ake shiga a yo itace yanzu ba mai hankalin da zai doshe shi, matan gidan kuma turara shinkafa suke yi, wuta ba ta hutawa a murhunsu. Ɗorawar nan kuwa da kalwarsu Inna take yin daddawa tun kafin a haife ni. Na kira Yaya na ce ya tara min totuwar gonarsa, ina nan tafe. Ya ce to, Allah ya kawo ni lafiya.

A-kori-kura na samu mai kai buhuna Malumfashi. Direban, Tukur, ya ce dubu huɗu ni da kayana, muka daidaita a uku da rabi. Yana ɗaure duron ya ce, "Malam, fetur za a saro ne?"

"Gawayi zan je yi."

"Da wane itacen?"

"Da totuwa."

Ya tsaya da igiya a hannu. "Totuwa dai da muke toshe bakin jarka da ita?"

Na ce ita fa. Bai daina dariya ba har muka fita gari.

Shida da kwata muka wuce Bakori. Gaba kaɗan wasu mutum uku suka tare mu da katako mai ƙusoshi da ɗan littafin tikiti. Ban san na wace hukuma ba ne, ban kuma ga alamar su ma sun sani ba. Tukur, da bakinsa da ba ya rufuwa, ya ce musu mai gawayi ya ɗauko. Shi ke nan, sai in biya kuɗin gawayi. Na ce ku leƙa duron mana, ko ƙwaya ɗaya kun gani? Suka ce ai niyyar ta gawayi ce. Muna cikin haka wata babbar mota ta taho, an loda mata ɗanyen itace har tana rangaji, ganyen jikinsa ma bai bushe ba. Suka janye katako, suka ɗaga mata hannu, har da "a sauka lafiya." Na miƙa dubu ɗaya cike da haushi.

Daga nan har Malumfashi hayaƙi ne dama da hagu. Duk inda injin casa ya tsaya jiya, yau tsibin totuwa ne ke ci da wuta a bakin gona, ba tukunya a kai, ba kowa a wurin. Kuma masu kukan tsadar itacen su ne masu ƙona ta. Tukur ya ga ina bin hayaƙin da kallo, ya ce, "Ga dukiyarka can tana tafiya sama." 

Bakwai da rabi muka shiga Malumfashi, kilomita hamsin ba kaɗan daga inda muka taso. Na sha koko da ƙosai na ɗari biyar a tasha, na zauna har tara saura kafin na samu keken kaya mai ƙafa uku da zai shiga ƙauyenmu. Sunan ƙauyen ba zan faɗa ba, ina da surukai a can.

Lahadi da hantsi: gida

Kilomita goma sha ɗaya ne daga kwalta, amma awa ɗaya da kwata muka yi, don ruwan ƙarshen damina ya cinye hanyar. In ka doshi garinmu ɗorawar nan kake fara gani, babbar a tsakiya, biyun a gefenta. A gindin babbar Baba yake ajiye butarsa, nan kuma muke cin abincin gona. Na hango su, na kuma hango wani baƙin tabo a gefen gonar, faɗinsa ya kai ɗaki. Na ce wa mai keke ya tsaya. Na sauka na sa ƙafa a ciki. Toka ce, da sauran ɗuminta.

Na tarar da Yaya a ƙofar gida da mutanen majalisarsa, su shida a kan tabarma. Na durƙusa muka gaisa, ina gajiya, ina iyali, ina mutanen Funtua, duk na amsa da haƙora a cije. Sannan na ce, "Yaya, totuwar fa?"

"Masu injin casa ne suka sa mata wuta jiya da suka gama. Ai haka ake yi."

"Na fa ce a tara min."

"To wa zai tsaya gadin totuwa, Balarabe? So kake a ce na taɓu?"

Majalisa ta kwashe da dariya. Da ƙanena ne, da ya ji magana a ranar. Amma wana ne, ya ba ni shekara tara, shi ya kai ni koyon walda da hannunsa. Na haɗiye abata.

Inna ce ta fisshe ni. Ashe ta tara buhu huɗu a bayan rumbu don hura wuta, daidai cikin durona biyu. Na mirgino duro ɗaya gaban majalisa, na yi kusan awa guda ina bayani: ga ramukan ƙasa, ga murfi, ga inda ake liƙewa. Sau uku na nanata musu cewa in iska ta shiga kafin ya huce, toka za a kwasa. Duk suka gyaɗa kai.

Yaya ya ce, "Ba na son dogon turanci. A gidan nan ba abin da ya kai kalwa cin itace. Ranar Juma'a da safe a ɗora tukunyar Inna da wannan abin naka. In ta nuna kafin magariba, ba a sa ko tsinken itace ba, na sallami mai injin yankan itace. In ba ta nuna ba, Asabar da safe yana nan."

Na ce ai sai in aika a kawo wanda na riga na yi a shago.

"Na Funtua ban san me ka zuba a ciki ba. A gabana za ka yi."

Na ce na yarda, mutum shida shaida. Inna ba ta sa baki ba. Yaya ɗan farinta ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta tsaya musu da shi. In tana da saƙo gare shi, ko yana tsaye a gabanta, wani take ba wa ya faɗa masa. Ta yi min tuwon masara da miyar kuka da ta ji daddawarta, na kwana a ɗakin zaure.

Litinin: Malumfashi da dawowa

Bakwai na safe na shigar da duron cikin gida, kusa da murhu, don iskar waje ta yi yawa. Na cika, na cinna. Farin hayaƙi mai kauri ya turnuƙe, ya yi ta raguwa, tara da minti ashirin ya koma siriri. Na rufe, na liƙe sama da ƙasa da laka. Da zan fita na ce wa Yaya kada a taɓa sai na dawo. Ya ce to. Na hau acaɓa zuwa Malumfashi neman garin rogon da ƙwari suka shiga, wanda 'yan hatsi ke zubarwa, don shi nake dama kunun kwaɓi da shi. Sha biyu na samu mudu uku. Na yi azahar, na ci shinkafa da wake a bakin kasuwa, huɗu saura kwata ina ƙofar gida.

Tun daga zaure na hango murfi biyu jingine da katanga. Na ƙarasa na leƙa. Farar toka ce fat a gindin kowane duro, duk ba ta fi kwano uku ba.

"Inna, wa ya buɗe?"

"Ni ce."

"Saboda me?"

"Hansatu ce ta shigo ɗibar wuta." Hansatu maƙwabciyarmu ce, sa'ar Inna. "Murhunmu ya mutu, ga wuta a duro ana jin zafinta tun daga can. In ce mata babu?"

"Ba ta da ashana ne?"

"Ashana ta zo nema? Wuta ta zo ɗiba."

Ashe da Hansatu ta fita da kaskonta, mata suka ga garwashin da ba su taɓa ganin irinsa ba, jajir, ba hayaƙi. Kafin la'asar gida bakwai sun aiko. Na farkon ya ruru ya cinye, aka buɗe na biyun. Inna ta ƙara da cewa, "Tokar ma ta yi kyau. Na ɗebi ta miya."

Wallahi sai da na ga duhu-duhu. Uwa ce, ba halin in ɗaga murya. Na fito na samu Yaya na ce, "Ba ka gaya musu ba?"

Ya ce, "Ina ruwana da maganar murhu? Kai da ka shiga musu da kaya, ai kai za ka gaya musu."

Na kama hanyar gona ina ta sababi ni kaɗai kamar sabon kamu. Na zagi Yaya a zuci, na zagi majalisarsa ɗaya bayan ɗaya, na haɗa da Hansatu da kaskonta. Sai da na zauna a gindin babbar ɗorawa sannan gaskiya ta zo min. Awa guda na ɓata ina yi wa maza shida bayani, mutanen da ko ruwan shayi ba su taɓa dafawa ba. Na kinkimi duro na dire a tsakiyar mata, masu wutar, ban ce musu komai ba in ban da sannunku da aiki. Kuma na san garinmu. Ba a hana wuta. Ni kaina an sha aikena da kasko gidan Hansatun nan. Haushin kaina ya fi na kowa, kuma shi ne ba inda zan sauke shi.

Talata: bin injin casa

Shida na safe na sake hawa acaɓa. A garinmu babu sauran totuwa, kowa ya ƙone tasa. Dabarar da ta rage in bi injinan casa in riga ashana.

Bakwai da minti goma, daf da kwalta, na samu wani manomi tsaye kan tsibi guda, da ashana a hannunsa. Na yi sallama, na ce ya ba ni. Ya ce in kwasa, na ma hutar da shi. Na fito da waya ina kiran mai keke, sai ya ce, "Wai me za ka yi da ita ne?"

Ni da baƙin baki na gaya masa.

Ya mayar da ashanar aljihu. "To buhu dubu biyu."

"Malam, yanzu fa za ka ƙona ta."

"Ai ɗazu ba ta da mai so."

Na ce ya ji tsoron Allah, ya ce shi ma abin da zai ce min ke nan. Na hau babur muka tafi. Ba mu yi rabin kilomita ba na waiwaya, hayaƙi ya tashi daga wurin. Ya gwammace ya ƙona ta da ya ga wani ya amfana. Ɗan acaɓa ya ce in bar motsi haka, zan kayar da mu.

A Malumfashi aka ce min injina sun yi hanyar Kafur da ta nufi Danja. Na shiga ƙaramar bas sha ɗaya saura, muka tsaya shinge biyu, na sauka inda na ji ƙarar inji. Wuri na farko an riga ni. Na biyu ma haka, har ta fara zama toka. Biyu da rabi, ƙafata duk ƙaiƙayi, ban ci komai ba sai rake, na isa na uku. Mai injin sunansa Sunday, haifaffen Malumfashi, iyayensa mutanen kudu ne, Hausarsa ta fi tawa daɗi. Wannan karon na ja shi gefe na gaya masa komai, har da ɗorawar.

Ya ce, "Bari in yi wa mai gonar magana da kaina. Kai in ka buɗe baki za ta yi kuɗi."

Ya je ya ce zai kwashe shara don kada hayaƙi ya dame shi, mai gona har da godiya. Muka cika buhu takwas, muka ɗora a motar da ke jan injinsa. Magariba ta yi mana a Malumfashi. Ya ba ni ɗakin da ke bayan shagonsa, matarsa ta aiko min da sakwara da miyar ganye, na ci har na ji kunya. Na tambayi abin da zan ba shi, ya ce, "In abin ya yi, ka haɗa min duro ɗaya. Ni ma na gaji da shaƙar hayaƙin nan."

Laraba da Alhamis: cikin gida

Tara saura minti ashirin na isa gida da buhunan. Majalisa na zaune, na gaishe su na wuce. Na yi sallama cikin gida, na roƙi Inna ta tara min matan gidan, a kira Hansatu. Na tsuguna na yi musu bayanin da na yi wa maza, bai ci minti goma ba.

Hansatu ta ce, "Au, ashe kamar daddawa ce. In an rufe ba a buɗewa sai ta yi."

Inna ta dube ni ta ce, "Shekara nawa ina rufe daddawa a gidan nan, ka taɓa ganin an buɗe min? Me ya hana ka faɗa?"

Na tashi na cika duron biyu da totuwa. Na cinna, na rufe, na liƙe. Inna ta jawo kujerarta ta zauna tsakanin duron biyu, ta sa aka hura murhu daban, don duk wadda ta shigo ɗibar wuta ta samu.

Alhamis da asuba na fasa lakar. Baƙi wuluk, mara nauyi, yana ƙara kamar fasasshen tangaran in an zuba. Turmi uku aka jera. Mata suka daka, suka tankaɗe, na dama kunun rogo, muka kwaɓa, ina matsewa suna jerawa. Kafin azahar curi ya cika tabarma uku, muka hau da shi kan kwanon ɗaki. Amma curi rana biyu yake so cur, uku ma ya fi. Da Litinin ta yi kyau, da yanzu ya bushe ƙayau. La'asar kuma hadari ya haɗo, bai yi ruwa ba, bai kuma bar rana ta fito ba. Na je na durƙusa gaban Yaya na roƙi ƙarin kwana ɗaya.

Ya ce, "Magana ɗaya muka yi, mutum shida sun ji. Mai inji ma yana da wasu wuraren."

Juma'a: tukunyar kalwa

Shida da rabi aka ɗora. Saman curin ya bushe, amma cikinsa danshi. Ya yi ta hayaƙi yana tsuwa, in an fifita ya kama, in an bari ya kwanta. Ni da nake cika baki gawayina ba ya hayaƙi, na wuni ina hawaye a gaban murhu, majalisa na leƙowa ɗaya-ɗaya. Ko da na dawo daga masallaci tukunyar ba ta yi tafasar kirki ba. Ana kiran magariba Inna ta tsamo ƙwaya ɗaya ta murza, ɓawon ya ƙi saɓulewa. Yaya ya karɓa shi ma ya murza. Ya fito da waya ya fita kiran mai inji.

Rabin curin ya rage. Ji na yi kamar in watsa shi a kwata. Na ga Inna tana jera shi ɗaya-ɗaya kewaye da murhun da ke da sauran zafi, ko tambayarta ban yi ba.

Asabar: gona

Bakwai daidai mai inji ya iso a kan babur. Na bi su gona, ban san me ya kai ni ba. Kusan kilomita biyu ne daga gida. Ya zaga bishiyun, ya dafa babbar.

Na ce, "Yaya, don Allah a fara da ƙaramar."

"Babbar ta fi itace."

Takwas saura minti ashirin ya ja igiyar inji. Takwas da minti ashirin da biyar ta yi wata ƙara, ta karkata a hankali, ta zube. Na ji faɗuwarta a tafin ƙafata. Bishiyar da ta girmi Baba, minti arba'in da biyar. Wurin da yake ajiye buta rana ta haske shi tarwai, ban taɓa ganin rana a wurin ba tun da aka haife ni.

Abin da na haɗiye kwana shida ya fito. Na ce, "Da Baba na da rai da ba ka yi wannan ba."

Bai dube ni ba. Ya ce, "Da Baba na da rai da daji bai gagari shiga ba. Kai kana Funtua. Ni ake tambaya itace kowace safiya."

Mai inji ya huta, ya sha ruwa, ya sassare manyan rassa. Goma saura kaɗan ya ƙara mai, ya nufi ta biyun, ya tayar da inji. A lokacin na hango mutum biyu a kan hanyar gona. Inna ce a gaba, tana takawa a hankali, ta riƙo kasko da tsumma hannu bibbiyu. Hansatu na bayanta da ɗan kwano. Rabon Inna da zuwa gonar nan da ƙafa tun rasuwar Baba.

Ta zo ta dire kaskon a gaban Yaya. Garwashi ne jajir, ba ɗigon hayaƙi. Ba ta kalle shi ba, ni ta kalla.

"Balarabe, gaya wa yayanka, curin nan ya kwana a bakin murhu ya bushe. Tun asuba na hura, na mayar da tukunyar jiya. Sau ɗaya na ƙara. Na taho da wutar tun daga gida ba ta mutu ba. Ka ce masa ya taɓa kalwar."

Hansatu ta miƙa kwanon. Yaya ya ɗauki ƙwaya ɗaya, yana murzawa ɓawon ya saɓule.

Inna ta ce, "Ka kuma tambaye shi, in an gama da waɗannan biyun, me zan dafa da itacen?"

Na juya zan maimaita, Yaya ya ce, "Na ji." Ya tsuguna, ya ɗora tafin hannunsa saman kaskon, ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga wa mai inji hannu.

Mai inji ya rage ƙara ya ce, "Alhaji, uku fa aka ce."

"Kashe."

Mai inji ya kashe. Inna ta je ta zauna a kan gungumen babbar, ta shafa wurin da aka yanke. Ni kuwa ba murna na ji ba. Minti goma na ranar Litinin nake ta tunawa, minti goman da na ga mata ba su isa in ɓata a kansu ba.

Lahadi: komawa Funtua

Na bar wa matan gida duro biyun da injin matsi, Hansatu ce mai kula da liƙi. Tara da rabi mai keke ya zo. Inna ta ba ni daddawa a ƙulle. Yaya ya sa aka ɗora min rabin buhun masara, sannan mutum biyu suka kinkimo wani guntun gungume suka ɗora a kai.

Ya ce, "Ka kai wa iyali. Itace na tsada a birni."

Na dube shi da kyau ko da wata manufa ya yi. Wallahi babu, tsaraba ce kawai, baƙo ba ya tafiya hannu rabbana, kuma abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Tsarabar wa ba a mayar da ita. Na ce na gode, Allah ya ƙara girma.

Sha ɗaya na samu mota a Malumfashi. Kafin Bakori mutanen nan masu katako suna nan inda na bar su. Ɗaya ya leƙa baya, ya ga gungumen ɗanyen itace, ya janye katako ya ɗaga mana hannu. Ɗaya da kwata na sauka a ƙofar gidana. Maiɗakina ta ga itace ta yi murna, ta ce a kira mai faskare. Na ce duk wanda ya sa masa gatari, ni da shi ne. Yana nan a ƙofar shago, a kansa nake zaune nake wannan rubutun.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Tukur duk da bakinsa, da Sunday da matarsa, duronsa na nan ina haɗawa. Na gode wa Hansatu, ta kuma yafe min zagin da ba ta ji ba. Inna kuwa, Allah ya saka mata, ya ƙara wa ƙafafunta lafiya. Yaya Halliru ma na san akwai godiyarsa a wuyana, tunda biyu suna tsaye. Zan yi masa ita in na huce, amma har yau ban huce ba.